Ranar da Mai Aski Ya Hau Mangwaro

Mutumin da zan ba da labarinsa shi yake yi mini aski tun ina da suma. Yanzu sumar ta tafi, saura ɗan abin da ya maƙale a ƙeya da bayan kunne, amma har yau ina zuwa in zauna a kujerarsa, ya ɗaura mini ƙyalle a wuya, ya yi ta kaɗa almakashi a iska don kada in ji kunya. Unguwa tana ce masa Mai Aski. Ni kaɗai na rage da nake kiransa da sunan da muka laƙaba masa a makaranta, wato Mazurari.

Makarantar mishan muka yi tare. A bayan ajinmu akwai ɗan fili da aka kewaye da waya, a tsakiyarsa an kafa ma'aunin ruwan sama: gwangwanin tagulla ne mai mazurari a baki, da kwalba a cikinsa, sai kuma wata siririyar kwalba mai zane-zane wadda ake juye ruwan a ciki a karanta. Malaminmu na lissafi, wani dogon Bature da muke kira Mai Lema don ko rana ake ƙwallawa ba ya rabuwa da lemarsa, shi ya koya mana. Sai ka durƙusa har idonka ya yi daidai da saman ruwan, ka karanta daga ƙasan lanƙwasar, ba daga gefe ba. Mu dai muna yi ne don gudun bulala. Abokina kuwa abin ya shiga ransa, har idan hadari ya taso muna cikin aji, sai ka ga wuyansa ya miƙe ta taga. Daga nan sunan ya bi shi.

Bai gama makarantar ba. Idon mahaifinsa ya yi rauni, shagon aski kuma ba ya jiran kowa, sai ya ajiye littafi ya ɗauki aska. Bayan wasu shekaru aka ce za a yi gini a ɗan filin nan. Mai Lema yana shirin komawa ƙasarsu, ya tuge ma'aunin da hannunsa, ya kawo shi har shago a bayan keke, ya ba abokina tare da adireshin ofishin yanayi. Tun daga ranar, kowace safiya kafin ya buɗe shago, sai ya auna. Ƙarshen wata ya cika kati ya kawo gidan waya. Ni ne akawun da ke bayan kanta a lokacin, ni nake buga wa katin hatimi, kuma na shaida bai taɓa fashi ba, har a shekarun da ofishin ya daina amsa masa ko da gaisuwa.

Shagon yana bakin titi, kujera ɗaya, benci ɗaya, madubi mai tsagewa a kusurwa. Ƙofar baya tana buɗewa cikin tsakar gida. Nan ma'aunin yake, a tsakiya, bisa ɗan dakalin siminti, nesa da igiyar shanya. A shekarar da ya yi aure, matarsa ta sha wani mangwaro da ya yi mata daɗi, ta tura ƙwallon cikin ƙasa a gindin katangar gabas, inda ruwan wanke-wanke yake bi. Ya ce mata ba zai fito ba. Ya fito. Ya wuce gwiwa, ya wuce katanga, ya wuce rufin ɗaki. A inuwarsa ta yaye 'ya'yanta, a inuwarsa take tsince shinkafa, take karɓar baƙi, take yi wa jikoki faɗa. Muna ce mata Uwargida, ita kuma ta ce mini Akawu, ko da yake na daɗe da barin aiki.

Muna nan har tsufa ya kama mu, sai ga wata yarinya ta sauka daga mota da tabarau da jaka a kafaɗa, ta tsaya a ƙofar shago tana tambayar mai ma'aunin ruwa. Malama ce a jami'a, Dakta ake ce mata. Ta ce a ɗakin ajiyar ofishin yanayi ta tarar da katunansa a ɗaure da igiya, ta yi ta buɗewa har ta zauna a ƙasa. Ta yi mana bayani, ina kan kujera da kumfa a haɓa. Masana daga ƙasashe da yawa sun haɗa kai suna son gyara hasashen yanayi, kowa yana zuba abin da yake da shi a wuri guda. Tauraron ɗan'adam yana ganin gajimare daga sama, amma ba ya ganin abin da ya sauka a ƙasa, sai an gwada maganarsa da ma'auni. Ma'aunin da ya daɗe a wuri ɗaya ba tare da an motsa shi ba kuwa, irinsa ba su da yawa.

"Baba, ka san abin da ka tara kuwa?"

"Ruwa ne, 'yata," in ji shi. "Kullum zubar da shi nake yi bayan na auna."

Ta saka shi a wani zaure na waya, inda masu auna ruwa irinsa suke. Akwai wata nas a asibitin da ke hayin kogi, akwai mai kiwon kaji, akwai malaman makaranta, da wasu can a ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Kowa ya auna da safe ya aika. Su kuma masanan su aiko da hasashen kwanakin da ke tafe. Shagon aski ya koma kamar gidan rediyo. Mai wanki zai leƙo ya tambaya ko ya shanya. Birkila zai zo ya ji ko ya kwaɓa siminti.

"Mai Aski, jiya ka ce za a yi ruwa, na sallami leburori, ko ɗigo!"

"Cewa na yi ana sa rai. Kai ma ai kullum ana sa rai za ka gama katangar nan."

Haka aka yi ta tafiya cikin raha har damina biyu. Hasashen yana ƙara kyau, birkila yana rage ƙorafi. Abokina ya sayi sabon tabarau don karatun kwalba, ya fara tafiya kamar wanda aka ba muƙami.

Sai wata rana Dakta ta dawo, fuskarta ba kamar kullum ba. Ta gaishe mu, ta nemi a shiga tsakar gida. Ta ce awon Baba yana gazawa. Idan aka gwada da na nas da na sauran maƙwabta, nasa kullum a ƙasa yake, kuma da aka koma cikin katunan, gazawar tana ƙaruwa shekara bayan shekara. Wani masani a wata ƙasa mai nisa har ya fara murna ya gano unguwar da ke bushewa ita kaɗai. Sai wata abokiyar aikinsa a wata ƙasar dabam ta ɗauko bayanan iska na filin jirgin sama ta jera su da awon. Ta ga idan ruwa ya sauko a miƙe, awon Baba daidai yake da na kowa. Idan kuwa ya zo da iskar gabas, sai ya gaza.

"Shi ne suka ce in zo in duba," in ji Dakta. "Baba, me ke gabas da ma'auninka?"

Dukanmu muka ɗaga kai. Mangwaron yana tsaye, ya baza rassa, kore shar, har wani reshe ya miƙo hannu kamar zai gaisa da mazurarin.

Dakta ta ce ƙa'ida ita ce, duk abin da ke kusa da ma'auni, nisansa ya kai ninki biyu na tsayinsa. Ta faɗi gaskiya ba ta ɓoye ba: in ba a sami mafita ba, za a ajiye awon shekarun baya-bayan nan gefe guda, a cire ma'aunin daga cikin waɗanda ake dogara da su. Ta ce za ta kai maganar gaban abokan aikinta, za ta dawo. Abokina ya raka ta mota.

Uwargida kuwa tana kan tabarmarta, ta ji komai. Da muka dawo ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Malam, na ga yadda kake kallon mangwarona. A taɓa bishiyar nan a gani."

"Ni na ce zan taɓa?"

"Idonka ya ce."

"Shekara nawa tana shanye mini ruwa ban sani ba!"

"Shekara nawa kana shanye mata 'ya'ya ba ka gode ba?"

Daga ranar gidan ya ɗauki zafi, irin zafin tsofaffi, wanda ba a ɗaga murya. Shayinsa ya fara zuwa ba sukari. Shi kuma ya daina zama a inuwar, ya koma cin abinci a bencin shago, yana cewa iskar titi ta fi. Ya rame a idona. Na san abin da ke cin sa. Ba yabo yake nema ba. Tun yana saurayi yake durƙusa wa kwalbar nan, yanzu da aka ce tana da amfani, sai kuma a ce rabin aikin iska ne.

Ran nan yana gyara mini ƙeya, sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Akawu, a sana'ata akwai askin da mai kai ba ya sanin an yi masa. Yaro mai kuka, ko ango mai son suma. Ka rage nan kaɗan, ka rage can kaɗan, ka nuna masa madubi ya ce ai ba a taɓa ba."

Na ce, "Mazurari, matarka ba ango ba ce."

Ya yi dariya, ya karkaɗe mini ƙyalle.

Bayan 'yan kwanaki na zo da la'asar, na tarar da shago a buɗe ba kowa. Daga tsakar gida nake jin ƙaras, ƙaras. Na leƙa. Tsani yana jingine da mangwaro, abokina yana zaune a inda manyan rassa suka rabu, sanye da farar rigar aikinsa, matsefi a aljihu, babban almakashi a hannu. Uwargida ta tafi duba 'yarsu a wata unguwa. Yakan karkata kai ya dubi reshe ta dama, ya dube shi ta hagu, ya ɗan datse ganye biyu, ya sake dubawa. Da wani ne, da adda zai hau ya gama kafin a ankara. Shi kuwa hannunsa bai iya ɓarna ba. Gefe yake daidaitawa.

"Sauko, tsoho, kafin ka karye," na ce.

"Saura kaɗan in fitar da layin gaba."

Ban rufe baki ba sai na ji sallama a bayana. Uwargida ce, ta manta maganin da za ta kai wa jikanta. Ta dubi ganyen da ke ƙasa. Ta dubi sama. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi salati ba. Ta ajiye jakarta, ta kama tsanin da hannu biyu, ta janye shi, ta kwantar a gindin katangar yamma. Sannan ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bishiyar ta zauna.

"Sannu da zuwa, Akawu. Ya iyali?"

"Lafiya lau, Uwargida."

"Uwargida," in ji murya daga sama, "ai gyara ne kawai. Dubi yadda ta yi buzu-buzu."

"Akawu, ka ji kamar tsuntsu yana magana?"

Na ce kunnena ya tsufa.

Kafin wani lokaci birkila ya shigo neman aski, mai wanki ya biyo shi, mai shayin bakin titi ya leƙo da butarsa a hannu. Birkila ya riƙe ciki.

"Mai Aski, tunda kana kusa da gajimare, duba mana, za a yi ruwa gobe?"

"Kai dai kawo tsani!"

"Ni? In shiga tsakanin mutum da matarsa? Ina da hankali."

Uwargida ta ciro wayarta daga jaka ta miƙo mini. "Akawu, nemo mini yarinyar nan. Ita ta kunno wutar, ita za ta kashe." Na nemo lambar, na buɗe murya yadda kowa zai ji. Uwargida ta gaishe ta a natse, ta tambayi aiki, sannan ta ce, "Babanki yana kan mangwaro da almakashi."

Sai muka ji Dakta ta yi wata ƙara. "Mama! Ya sare?"

"Bai kai ga haka ba. Na kama shi yana gyaran fuska."

"Don Allah, Mama, kada ki bari ya cire ko ganye ɗaya! Gobe nake shirin zuwa. Baba yana jina?"

"Yana jin ki. Ba shi da wurin zuwa."

Dakta ta yi bayani, mu muna tsaye, shi yana sama. Abokan aikinta sun tattauna, kuma sun sami hanya. Za a kafa sabon ma'auni a fili buɗaɗɗe kusa da gidan, a bar tsohon inda yake, a auna su biyun tare har damina ta fita. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne rabon da bishiyar take ɗauka. In an san rabon, za a iya mayar wa shekarun baya abin da aka rage musu. Amma sai bishiyar tana nan yadda take. Da an sare ta, da ba wanda zai taɓa sanin nawa take sha, da shekarun nan sun tafi ke nan.

"Baba, Mama ce ta ceci aikinka yau."

Mai shayi ya kasa riƙe dariya. Uwargida ta gyara zama, ta ce, "Maimaita, 'yata, reshen da yake kai yana da nisa."

Aka tattara abin da ya datse, bai cika faranti ba. Dakta ta ce wannan ba komai. Sai a sannan Uwargida ta ce wa birkila ya mayar da tsani. Abokina ya sauko a hankali, ya karkaɗe rigarsa, ya dubi bishiyar daga ƙasa ya ce, "Amma dai gefen nan ya fi kyau yanzu." Da yamma shayinsa ya zo da sukari.

A ƙarshen layinmu akwai makeken fili mai shinge na masu kula da famfon unguwa, ba gini ba bishiya. Nan aka kafa sabon ma'aunin, maigadi ya ba da makulli. Sai wata matsala ta taso: dole a karanta su biyun a lokaci guda, mutum ɗaya kuma ba ya rabuwa biyu. Abokina ya dube ni. Na ce gwiwata ba ta durƙuso. Uwargida ta ce, "Kawo kwalbar."

"Ai abin yana da ƙa'ida. Sai ido ya yi daidai da..."

"Daga ƙasan lanƙwasar, ba daga gefe ba. Malam, tun ina amarya nake jin wannan karatun ta taga."

Ba ta durƙusa ba. Ta ɗora kwalbar a kan tagar kicin, daidai idonta, ta karanta tana tsaye. Ya buɗe baki zai yi gyara, ya duba, ya ga babu abin gyarawa. Na lura daga baya shi ma ya sa birkila ya gina masa ɗan dakali mai tsayi a filin, wai don kada kwalba ta yi datti.

Wannan daminar ban taɓa ganin irinta a gidan nan ba. Da safe shi ya fita da makulli, ita ta fito da kwalba. Yana dawowa tun daga ƙofa zai ɗaga murya.

"Naki nawa?"

"Faɗi naka tukuna."

"Nawa ya fi."

"To ai dole. Ni da abokiyar shan ruwa nake."

Aka saka ta a zauren waya. Cikin mako guda ta san sunan 'ya'yan nas, ta ba mai kiwon kaji shawara a kan ciwon baya. Masanan suka so su san tsayin bishiyar a shekarun da suka wuce, don rabon da take ɗauka tana ƙarama ba ɗaya ba ne da na yanzu. Uwargida ta kwaso hotunan gida. Duk hoton da aka taɓa ɗauka a gidan, a gaban mangwaron aka ɗauke shi: ga babbar 'yarsu a goye, bishiyar iya kafaɗar uwarta, ga autansu a kan keke, bishiyar ta haura katanga. Dakta ta ɗauki hoton hotunan ta aika. Ta ce masanin nan da ya yi murnar bushewar unguwa ya aiko da gaisuwa, yana tambaya ko mangwaron yana da zaƙi.

Da ruwa ya ɗauke, Dakta ta zo bakinta har kunne. An gano rabon bishiyar, an mayar wa kowace shekara haƙƙinta, an ɗinke awon tsohon ma'auni da na sabo ya zama zare ɗaya tun daga zamanin Mai Lema. Ba a cire ko shekara guda ba. Ta ƙara da wani abin da ba mu zata ba. Ashe a ƙasashe da yawa akwai tsofaffin ma'aunai da bishiyoyi suka girma a kansu, masu su ba su lura ba, kuma abin da aka koya a tsakar gidan nan ya fara taimakawa wajen gyara nasu. Saboda haka ana roƙon Mama ta ci gaba da aunawa a ƙarƙashin bishiyarta, kada a taɓa ta.

"Ka ji ko, Malam? Roƙo ake yi."

"Na ji. Ai ni na aske ta ta yi farin jini."

Kwanan baya mangwaron ya nuna. Uwargida ta ba ni guda biyu a leda, na bi abokina filin da safe don in miƙe ƙafa. Yana can yana karatun kwalba, ni kuma na jingina da shinge ina shan ɗaya, ruwan yana bin gwiwar hannuna. Da na gama na ɗaga hannu zan jefar da ƙwallon cikin ciyawa. Ban san tsohon nan yana da sauran gudu ba. Sai ji na yi an cafke mini wuyan hannu. Ya zare ƙwallon daga yatsuna, ya naɗe shi a hankici, ya tura aljihun farar rigarsa, kusa da matsefi.

"Ba a nan ba, Akawu," in ji shi. "Wancan ma haka aka ce ba zai fito ba."